Gangar da Aka Yaye wa Bargo

Ba a ba Elisha kujera ba.

Tun da ya fara zuwa gidan Baba Ishaya a unguwar Romi ta Kaduna neman auren Deborah, ba a taɓa barinsa a tsaye ba. Ko lokacin da tsohon yake amsa gaisuwarsa da hanci, Mama Saratu takan turo masa kujerar roba da ƙafa. Yau kujerar tana nan, amma da mutum a kai. Nicholas ne, ɗan garinsu Deborah mai aiki a sakatariya, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya yana wasa da makullin mota.

Kusa da Baba Ishaya kuma ga ƙaninsa, Kawu Samson, wanda ya taso daga ƙauye da sassafe, jar ƙasa har gwiwar wandonsa.

Elisha ya durƙusa a bakin ƙofa.

"Baba, ina wuni. An taso sujada lafiya?"

Babu wanda ya amsa. Daga bayan labulen ɗaki ya ji ana jan majina, ya san Deborah ce.

Dama can Baba Ishaya bai taɓa son wannan haɗi ba. Tsohon ma'aikacin masaƙa ne, dattijon ikilisiya, mutum ne da ba ya tauna magana. Ranar farko ya faɗa wa 'yarsa a gaban kowa cewa ba zai ba da ita ga ɗan bariki ba, haihuwar Trikania, wanda ko yaren ubansa bai iya ba, sana'arsa kuma latsa waya.

Elisha bai yi fushi ba. Gyaran waya yake yi, yana ɗaukar bidiyon biki, kuma da wannan sana'ar da aka raina ya nemi shiga zuciyar tsohon. Ya bi Deborah garinsu, Kwarin Ɗinya. Ya ɗauki mata suna ginin tukwane, ya ɗauki sussukar acca, da masu cire zuma, da ruwan da ke zubowa daga kan dutse. Ya ɗauki kakanta, Kaka Dogo, yana sassaƙa ganga a gindin ɗorawa. Ya buɗe wa garin shafi a intanet ya zuba su.

Abu kamar wasa, sai ga mutane. Daga Abuja, daga Jos, daga nan Kaduna, ana cika bas ranar Asabar. Su kwana a ɗakunan mutanen gari, su ci tuwon acca, su sayi tukwane da zuma. Samarin da suke shirin gudu birni yin acaɓa suka tsaya suna zagayawa da baƙi. Elisha ne ma ya kafa doka, ba a yar da leda, ba a ɗaukar hoton kowa sai an tambaye shi.

Ganin haka Baba Ishaya ya sauko, har ya karɓi kayan tambaya. Saura kawai a kai magana gida, Kaka Dogo ya sa albarka.

Yanzu ga shi a durƙushe kamar ɓarawon kaza.

Kawu Samson ya zaro waya daga aljihu ya miƙo ta saitin fuskarsa. Hoton Kaka Dogo ne yana dariya, a ƙasa an rubuta, "Ku zo Kwarin Ɗinya ku ji da kunnenku."

"Kai ka yi wannan?"

"Ni ne, Kawu. Sabon tallan da na saka ne."

Kawu ya kai yatsa zai danna, Baba Ishaya ya riƙe hannunsa.

"Kada ka kunna mini shi a gida."

Sannan ya juyo ya dubi Elisha a karo na farko.

"Kiɗan da ka sa a ciki, ina ka samo shi?"

"Kaka ne ya kaɗa mini, Baba. Na roƙe shi ya kaɗa duk kiɗan da ya sani don a adana, kada ya ɓace. Ya yi na noma, ya yi na aure, ya yi na farauta. Wannan shi ne na ƙarshe. Duk ya fi su daɗi, shi ya sa na zaɓe shi."

"A ina ya kaɗa maka?"

"A cikin ɗakinsa."

"Sauran fa?"

"A waje, gindin ɗorawa."

"Da ya shiga ɗaki, me ya yi kafin ya fara?"



"Ya rufe ƙofa. Ya ɗauko bargo ya lulluɓe gangar, ya sa hannu ta ƙarƙashi."

"Ka tambaye shi dalili?"

"A'a, Baba."

"To, gangar da ke cikin bargo, yaya aka yi ta yi ƙara haka?"

"Da na dawo na ji sautin ya dushe, kamar daga cikin rijiya. Sai na gyara shi a kwamfuta. Na ɗaga shi, na wanke shi, ya fito tas."

Nicholas ya yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Ya wanke shi. Kun ji gwani."

Kawu Samson bai yi dariya ba. Ya gyara zama ya fara magana a hankali, kamar mai ba yaro magani.

"Yaro, bari in gaya maka abin da ka wanke. Kiɗan sallama ke nan. Kowane gida a garinmu yana da nasa, kuma ba a kaɗa shi sai ranar da babban gidan ya mutu. In za a koya wa wani, ɗaki ake shiga a rufe ganga da bargo don kada sautin ya fita. Wanda ka ɗauka na gidanmu ne. Babban gidanmu kuwa shi ne mutumin da ke dariya a hoton nan."



"Ranar kasuwa," in ji Kawu, "mai cajin waya ya haɗa abin da babbar sifika, yana murna garinmu ya shiga duniya. Shi bai sani ba, rabon da a ji kiɗan nan tun rasuwar wan mahaifinmu, ba a haife shi ba. Amma tsofaffin mata sun sani. Suka zubar da kaya a kasuwa. Sautin ya haura dutse, na unguwannin bayan dutse suka ji. Kafin rana ta karkata gidanmu ya cika, mata da itace a ka, da garin makoki, suna birgima a ƙasa suna kiran sunansa. An buga wa 'yan'uwanmu mata waya, ta Lafiya ta kamo hanya tana kuka, ta Jos ta suma a tasha."

Ya mayar da wayar aljihu.

"Shi kuwa yana zaune a bayan gida da gizago a hannu, yana sassaƙa. Ya zagayo ya tarar ana makokinsa. Ya tsaya ya kalle su ɗaya bayan ɗaya. Bai ce uffan ba. Ya shiga ɗaki ya kwanta. Har na baro gida bai tashi ba, ko kunu ba ya karɓa."

Da Elisha yana da wayo da ya kwanta a ƙasa ya yi shiru. Amma tsoro yakan sa mutum ya nemi mafita ko ta taga.

"Baba, ku gafarce ni, ban sani ba. Amma ai mu masu bi ne. Ganga ba ta kashe mutum, rai na hannun Allah."

Mama Saratu, wadda ke tsaye a ƙofar kicin, ta kama baki.

Baba Ishaya ya sunkuyo.

"Ni za ka yi wa wa'azi? Ina dattijon ikilisiya tun kana tsumma. Na san fata da itace ba sa kisa. Amma ka taɓa zama da ranka ka ga 'ya'yan da ka haifa suna kukan mutuwarka? Ka taɓa ganin ana gwada inda za a haƙa maka rami kana tsaye?"

"A'a, Baba."

"To rufe mini baki."

"Na cire shi tun jiya da Deborah ta kira ni. Wallahi na goge."

Nicholas ya ɗaga tasa wayar.

"Ka goge naka. Wannan fa? Wata yarinya ce a Legas take rawa da shi. Ga wani ya haɗa shi da tallan takalma. Shekaranjiya a ofishinmu na ji shi a wayar masinja, shi ne ƙarar kiransa." Ya juya wajen Baba Ishaya ya sassauta murya. "Baba, ni ba na son in yi magana, kada a ce don wani abu ne. Amma abin gida sai ɗan gida. Gobe da safe zan kai ku a mota, in ya kama a wuce da Kaka asibiti, ni zan tsaya."

"Allah ya yi maka albarka," in ji Kawu Samson.

Baba Ishaya ya miƙe.

"Dattawan gari sun hana baƙi shiga. Wannan nasu ne. Nawa kuma ga shi. Kayanka suna bakin ƙofa, ka kwashe. Ubana ka kwantar. In ya tashi ya ce da bakinsa ya yafe maka, ka dawo mu yi magana. In bai faɗa ba, ko a hanya ka ga Deborah ka tsallaka titi."

Labule ya motsa.

"Baba, don Allah..."

"Koma ciki."

A waje ya tarar da buhun gishiri, da galan ɗin manja, da turamen zane a leda. Akuyar da ya kawo tana ɗaure a gindin gwaiba, ta yi ƙiba a gidan. Mama Saratu ta fito ta kwance igiyar ta sa masa a hannu ba tare da ta dube shi ba.

"Ka ci abinci kuwa?" ta tambaya ƙasa-ƙasa.



Haka ya ja akuya har bakin titi, mutanen da suka taso coci suna kallonsa. Kowa a Romi ya san ma'anar saurayi ya fito daga gidan budurwa da akuya a hannu. Mai keke-napep na farko ya ƙi ɗaukarsa. Na biyu ya ɗauka, amma har Trikania yana tambayarsa ko ta sayarwa ce.

Washegari da safe yana buɗe shago ya ga Deborah a tsaye da jaka. Idanunta sun kumbura, ko ɗankwalin ba ta ɗaura daidai ba. A tsallaken titi motar Nicholas ce a tsaye, Baba Ishaya a gaba ya kau da kai.

"Na ce musu zan karɓi cajata," ta ce. "Mama ce ta sa baki. Ba zan daɗe ba."

Ya ja ta cikin shago, bayan katakon da yake jera wayoyin gyara.

"Debo, ki dube ni."

Ta ƙi.

"Ke ma kin san ban yi da gangan ba."

"Na sani."

"To me ya sa ba ki faɗa musu ba?"

"Na faɗa har muryata ta dushe. Ka san abin da gwaggonnina suke cewa? Wai na kawo saurayina ya sayar da kakana a waya. Wai na je makaranta na koyo yadda ake cin naman gida. Ni na kai ka garin, Elisha. Ni na ce wa Kaka ya saki jiki da kai, kai nawa ne."

Hawaye ya zubo mata, ta share da bayan hannu.

"Ina nake lokacin da ya shiga da kai ɗaki?"

"Kin tafi rafi da matan."

"Da ka dawo fa? Me ya hana ka nuna mini kafin ka saka?"

"So na yi in ba ki mamaki."

"Ka kuwa ba ni."

Ta zauna a kan benci ta rufe fuska. Elisha ya tsuguna a gabanta.

"Kai ne fa mai doka," ta ce cikin kuka. "Kai ne kake tsayawa a gaban bas kana cewa kada a ɗauki hoton kowa sai an tambaya. Har wata mata ka sa ta goge hoton jariri. Tsoho ya rufe ƙofa a gabanka, ya ɗauko bargo da rana tsaka ana zafi, bai sa ka ce, Kaka, lafiya? Tambaya ɗaya, Elisha."

"Na ɗauka don kada ya dami maƙwabta ne."

"Maƙwabta. Mutumin da ya wuni yana kiɗa a waje."

Akuya ta yi kuka a bayan shago.

"Ki saurare ni," ya ce. "Ke ba yarinya ba ce, malamar makaranta ce ke, kina da albashinki. Mu je rajista a ɗaura mana. In an ga mun zama ɗaya, fushi zai huce. Babu fushin da ba ya hucewa."

Sai a lokacin ta dube shi.

"Kakana yana kwance, ni kuma in sa farar riga? Wa zai kama mini hannu, mai keke? Ka daina wannan magana."

"To in bi ku. In je in kwanta a ƙofar ɗakinsa, ya taka ni in ya so."

"Samari sun tare hanya a gada. Waɗanda kake ba aikin zagayawa da baƙi, su ne a gaba. Sun ce in sun ga kyamararka za su jefa ta a ruwa, kai kuma ka bi ta."

"Har su?"

"Su suka fi zafi. Ana cewa da su aka haɗa baki, suna neman wanke kansu."

Ta buɗe jaka ta ciro hankici, ta murɗe shi a hannu ba ta yi amfani da shi ba.

"Akwai abin da Kawu bai faɗa maka ba, saboda ba a faɗa wa baƙo. Ni zan faɗa maka don ka daina cewa fushi zai huce."

"Ina ji."

"Sau ɗaya ake yi wa mutum kiɗan nan. In an kaɗa, an ji, an yi kuka, shi ke nan, nasa ya wuce. Ba a maimaitawa."

Elisha ya zuba mata ido.

"Kaka ya yi wa duk wani babba da ya mutu a garin nan sallama da hannunsa. Cikin ruwa, cikin rana, ko ba shi da lafiya sai ya je. Gangar da za a kaɗa masa ma shi ya sassaƙa ta, tana rataye a ɗakinsa, ya hana kowa taɓawa. Tun ina ƙarama yake nuna mini ita yana cewa, ranar nan za ki ji abin da ake kira kiɗa. Yanzu in ya mutu, shiru za a binne shi, kamar baƙon da ya faɗi a kasuwa."

"Ba za a iya roƙon dattawa ba? Ai kuskure ne. Ba ganga ba ce ma, sifika ce."

"An roƙa. Sun ce kukan da matan suka yi fa, na sifika ne?"

Ta fashe da kuka sosai. Ya kama hannunta, ba ta janye ba, amma ba ta riƙe nasa ba.

"Gwaggo ta ce magana ɗaya ya yi tun da ya kwanta. Bai zage ka ba, bai ambaci sunanka ba. Cewa ya yi, an riga an sallame ni, me nake jira."

"Debo, ina sonki. Ban san abin da zan yi da raina ba in babu ke."

"Ni ma ina sonka, shi ne masifar. Da ba na sonka da yau ina barci."

"Ki yi masa magana. Yana jin maganarki. Kalma ɗaya Baba ya ce."

"Zan yi. Zan zauna a gefensa har ya gaji da ni. Amma kada ka sa rai, Elisha. Na san shi."

Inuwa ta rufe ƙofar shago. Nicholas ne, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa.

"Debbie, Baba yana jira. Cajar ta ɓata ne?"

Ta miƙe tana gyara ɗankwali.

Nicholas ya dubi wayoyin da ke kan katako, ya dubi Elisha.

"Mutumina, ka yi haƙuri da jiya, ka san manya. Aikin da ka yi wa garinmu ba ƙarami ba ne, ni na yaba. In ƙura ta lafa dattawa za su buɗe hanya, don mata sun saba da ciniki. Amma ba za su yarda shafin yana hannunka ba. Ka ba ni lambar sirrin in riƙe musu."

"Ni na gina shafin nan."

"Da sunan garin wa?"

Elisha ya juya wajen Deborah. So yake ta ce wani abu, ko da harara ce ta yi wa Nicholas.

"Ka ba shi," ta ce tana kallon ƙasa. "Matan ba su yi laifi ba. Tukwanensu suna nan jibge."

Ya karɓi wayar Nicholas ya shigar masa da lambar da hannunsa. Nicholas ya duba, ya gyaɗa kai.

"Ka kyauta. In na rasa gane wani abu zan kira ka."

Ya ɗauki jakar Deborah ya yi gaba. Ita kuma ta tsaya a bakin ƙofa kamar za ta juyo, sai aka danna hon. Ta tsallaka titi. Elisha yana kallo Nicholas ya buɗe mata ƙofar baya, motar ta bi hanyar fita gari.

Kwanakin da suka biyo baya bai gyara wayar kowa ba. Ya zauna yana bin bidiyon duk inda ya gan shi, yana rubuta wa mutanen da bai sani ba, yana roƙo su cire. Wasu suka cire. Wasu suka zage shi. Wani ya tambaye shi inda zai samu cikakken kiɗan, wai zai sa a bikin ƙanwarsa. In ya samu ɗaya ya sauka, kafin ya ɗaga kai wasu sun tsiro. Wanda ya zubar da gero a tsakiyar kasuwa ba ya tsince shi.

Ya je wurin Fasto. Fasto ya saurare shi har ƙarshe, ya yi masa addu'a, sannan ya ce shi ba zai shiga tsakanin dattijo da mahaifinsa ba.

Ya kira Deborah ba ta shiga. Garin ba sabis sai an hau dutse. Sau ɗaya saƙonta ya shigo: "Ya karɓi ruwa. Na yi masa maganarka, ya juya fuska bango."

Elisha ya karanta ya sake karantawa. Ya riƙe "ya karɓi ruwa" ya bar sauran. Mai karɓar ruwa zai karɓi kunu, mai karɓar kunu zai yi magana. Har ya je ya yi aski, ya saya wa akuya dusa.

Ranar Asabar da hantsi wata mata ta tsaya da mota a ƙofar shago, tana cikin waɗanda ya taɓa kaiwa garin. Ta ce ƙawayenta sun matsa mata, yaushe ne tafiya ta gaba, kuma ko tsohon nan mai dariya zai kaɗa musu irin na bidiyon.

Yana neman abin da zai ce mata wayarsa ta yi ƙara. Deborah.

Ya bar matar a tsaye ya zagaya bayan shago.

"Debo. Yaya jikinsa? Ya yi magana?"

Iska ce kawai take busawa a wayar.

"Debo, kina jina?"

"Ina jinka." Muryarta a bushe, babu kuka a ciki. "Ina kan dutse, saman maƙabarta. Kada ka yi magana. Ka saurara."

Ya toshe ɗaya kunnen da yatsa ya danna wayar a ɗayan. Ya ji iska. Can nesa ya ji kamar bakin fartanya yana cin ƙasa, ya tsaya, ya sake ci. Wani ya yi tari.

"Me ka ji?"

"Ban ji komai ba."

"Duk garin suna wurin. Har na bayan dutse sun zo."

Elisha ya jingina da bango, ya zame har ƙasa.

"Yaushe?"

"Jiya da yamma."

"Bai ce komai ba? Debo, ko kalma ɗaya? Ko da kai?"

"Na riƙe hannunsa har ya yi sanyi. Na roƙe shi da sunanka, na roƙe shi da nawa. Bai ce ba."

"Ki gaya wa Baba ya ɗaga kai. Wa zai sani? Ke kaɗai ce a wurin. Ki ce ya ɗaga kai."



"Na yi tunanin haka," ta ce. "Baba ya tambaye ni da safe, a gaban gawar. Ya ce, Deborah, ya ce wani abu game da yaron nan? Bakina ya buɗe, Elisha. Sai na ga gangar a rataye saman kansa."

"Me kika ce?"

"Na ce bai ce ba."

Daga nesa wata murya ta kira, "Debbie, sauko, za a rufe." Ya gane muryar Nicholas.

"Debo, tsaya. Don Allah tsaya."

"Za a zuba ƙasa. Ka sayar da akuyar, kada ta rame a hannunka."

Ta kashe.

Yana nan zaune a ƙasa da waya a kunne matar ta leƙo ta gefen shago, makulli a hannu.

"Malam Elisha, in ce musu yaushe?"